Chacaltaya: Dandalin Zamiyar da Ƙanƙararsa ta Ƙare

A cikin jerin tsaunukan Andes na ƙasar Bolibiya, kimanin kilomita 30 daga birnin La Paz, akwai wani tsauni mai suna Chacaltaya wanda ƙololuwarsa ta kai wajen mita 5,400 daga doron teku, kuma a gefen wannan tsauni ne aka kafa dandalin wasan zamiya da ya daɗe ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane dandali bisa a duniya. Wasan zamiya, kamar yadda aka san shi a ƙasashen sanyi, shi ne mutum ya ɗaura wasu dogayen allunan katako ko na roba masu santsi a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu a hannu, ya gangaro daga kan tudu bisa dusar ƙanƙara. Dandalin wasan kuwa ya ƙunshi gangaren da ake zamiyar a kansa, da na'urar da ke mayar da masu wasa sama bayan sun sauko, da masaukin da suke fakewa daga sanyi. Masaukin Chacaltaya yana kan mita 5,300 ko kusa da haka, wato ya ɗara Mont Blanc, tsaunin da ya fi kowane tsayi a Yammacin Turai, da kusan mita 500, kuma iskar da ake shaƙa a can ba ta wuce rabin kaurin wadda ake shaƙa a bakin teku da wani abin kirki ba, saboda haka hawa 'yan matakai kaɗan kan sa baƙo haki da ciwon kai.

An soma wasan a nan ne a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da aka sare hanyar mota zuwa saman tsaunin, aka kafa ƙungiyar masu hawan duwatsu ta Club Andino Boliviano a 1939, injiniya Raúl Posnansky kuma ya jagoranci kafa igiyar jan masu wasa wadda ake ɗauka a matsayin irinta ta farko a Kudancin Amurka. Na'urar ba ta da wani ƙawa: injin mota ne aka girke a cikin wani ɗaki, yana juya doguwar igiyar ƙarfe, mai wasa kuma ya maƙala ƙugiya a jikinta ta ja shi zuwa sama. Duk da haka ta yi aiki shekaru da dama, ta horar da 'yan wasan ƙasar da ba ta da wani dandali sai wannan, ta kuma zama wurin shaƙatawar ƙarshen mako ga masu hali na La Paz da baƙin Turawa, yayin da yawancin ayyukan kula da masauki da injin suka kasance a hannun mutanen yankin, 'yan ƙabilar Aymara, waɗanda a al'adarsu ta gargajiya tsaunuka kakanni ne masu tsaron al'umma.

Fahimtar abin da ya sami wannan wuri tana buƙatar a san yadda shekara take a can. Chacaltaya yana kimanin digiri 16 kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ba shi da hunturu da bazara irin na Turai. Abin da yake da shi damina ce da rani, damina daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da iska mai laima ke tasowa daga dazukan Amazon ta hau tsaunuka, sai kuma rani mai tsananin sanyi da bushewa daga wajen Mayu zuwa Agusta, lokacin da sararin sama yake tangaran. A wannan tsayi, ruwan damina a matsayin dusar ƙanƙara yake sauka, don haka lokacin zamiya yakan faɗo ne a watannin damina da ɗan abin da ya biyo bayansu, akasin abin da aka saba gani a Turai. Wannan tsari yana ɗauke da wani rauni da ba a cika lura da shi ba a zamanin yalwa: watannin da dusa ke zuba su ne kuma watannin da rana ta fi tsayawa tsakar ka, iska ta fi ɗumi, narkewa ta fi ƙarfi, ta yadda samu da asara suke faruwa a lokaci guda, kuma ƙaramin sauyi a ɗayansu kan karkatar da lissafin shekara baki ɗaya.

Abin da ya riƙe dandalin tun farko ba dusar kowace damina ba ce kaɗai, wata kwantacciyar ƙanƙara ce da ke ƙarƙashinta. Kwantacciyar ƙanƙara ita ce wadda takan samu idan dusar wata shekara ba ta narke duka ba har ta shekara mai zuwa ta zubo a kanta, aka yi ta haka ƙarni bayan ƙarni, nauyin ta sama yana danne ta ƙasa har ta dunƙule ta zama ƙanƙara mai tauri da ke tsiyaya a hankali zuwa gangare. Masana sun ƙiyasta cewa ta Chacaltaya ta kai shekara 18,000. Amfaninta ga masu wasa iri biyu ne: ta lulluɓe duwatsu da ramuka ta ba da shimfiɗa mai santsi, sannan sanyinta yana hana sabuwar dusa saurin narkewa. Sabuwar dusar kuma, da yake fara ce fat, tana mayar da mafi yawan hasken rana sama, ta kare ƙanƙarar da ke ƙasa. Kowace a cikin biyun tana tsare 'yar'uwarta, kuma idan ɗaya ta gaza ɗayar ba ta daɗewa.

Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da ma'aunin da aka yi a ƙasa sun bar tarihin raguwar a sarari. A 1940 faɗin ƙanƙarar ya kai kimanin hekta 22; a 1982 ya dawo hekta 14; a 1996 hekta 8; a 2005 kuwa abin da ya rage bai wuce hekta ɗaya ba, a rarrabe cikin 'yan ƙananan gutsattsari. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ga cewa asarar ba tafiya ɗaya ta yi ba: hekta takwas ɗin farko sun ɗauki fiye da shekara 40 kafin su tafi, shida na gaba sun tafi cikin shekara 14, bakwai na bayansu cikin shekara tara. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanya jerin hotunan wannan tsauni a rahotonsa na 2007, inda ake iya ganin masaukin a tsaye wuri ɗaya, farin da ke gefensa yana ja da baya daga hoto zuwa hoto.

Tun daga 1991 masu bincike daga Jami'ar Mayor de San Andrés ta La Paz, tare da abokan aikinsu na wata cibiyar bincike ta Faransa da yanzu ake kira IRD, suka riƙa auna wannan ƙanƙara da maƙwabciyarta ta Zongo a kai a kai, ta hanyar kafa sanduna a cikinta su ga nawa ta ƙaru ko ta ragu. A cikinsu akwai Bernard Francou daga Faransa da Edson Ramírez ɗan Bolibiya. Abin da suka gano ya danganci wani ma'auni da ake kira layin daidaito, wato tsayin da idan an haura shi dusar da ke taruwa a shekara ta fi wadda ke narkewa, idan kuma an sauko ƙasa da shi narkewa ce ke rinjaye. Kwantacciyar ƙanƙara tana rayuwa ne muddin wani sashe nata yana sama da wannan layi, domin daga can ake ciyar da sashen ƙasa. A yawancin shekarun 1990 layin ya haura har ya wuce ƙololuwar Chacaltaya, ma'ana babu ko taki ɗaya na ƙanƙarar da ke samun ƙari a ƙarshen shekara. Binciken da suka wallafa a 2001 ya nuna cewa tsakanin 1992 da 1998 kaɗai ta yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na jimillar jikinta. Daga nan batun ya tashi daga ko za ta ƙare zuwa yaushe za ta ƙare.

Dalilan sun haɗu ne suka taimaki juna. Na farko shi ne ɗumamar iska, wadda a tsaunukan Andes na yankin zafi ta kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na digiri a kowace shekara goma tun tsakiyar ƙarni na 20. Adadin yana da ƙanƙanta a ido, amma a wurin da zafin damina ke kai-komo a bakin ma'aunin daskarewa, ɗan wannan ƙari shi ke raba tsakanin dusa mai kwanciya da jiƙaƙƙiyar dusa ko ruwan sama mai wanke abin da ya tarar. Na biyu shi ne El Niño, wato ɗumamar saman ruwan tekun Pasifik da ke aukuwa duk bayan 'yan shekaru, wadda a tuddan Bolibiya takan zo da ƙarancin gajimare da jinkirin damina da ƙarin zafi. Idan dusar farkon damina ta makara, sai tsohuwar ƙanƙara mai launin toka ta zauna tsirara a ƙarƙashin rana mafi ƙarfi ta shekara, ta shanye zafin da farar dusa za ta mayar. El Niño na 1997 zuwa 1998 yana cikin mafi tsanani da aka gani a ƙarnin, kuma Chacaltaya bai farfaɗo daga gare shi ba. Shekarun sanyi da laima da suka biyo baya sun rage saurin asarar ne kawai. Na uku ya fito daga ƙanƙantar ƙanƙarar kanta, domin yayin da take raguwa sai baƙin dutsen da ke kewaye da ita ya ƙara bayyana, ya sha rana, ya riƙa hura mata ɗumi daga gefe, saboda haka kowace raguwa tana share fagen wadda ta fi ta.

A nan ne darasin wannan tsauni ya fi nauyi, kuma ya shafi bambancin da ke tsakanin yanayin yini da yanayin dogon zango. Mai zuwa wasa yana tambaya ne ko dusa ta zuba a makon nan, ko tana da laushi, ko iska za ta bari a tsaya a kan tudu, kuma amsar waɗannan tambayoyi tana sauyawa daga Asabar zuwa Asabar. An yi shekarun da damina ta yi kyau a tsakiyar raguwar, gangaren ya yi fari, aka yi wasa kamar dā, kuma babu laifi ga wanda ya ga haka ya ɗauka cewa al'amura sun daidaita, tunda abin da idonsa ya nuna masa gaskiya ne a ranar. Sai dai ƙanƙarar da ke ƙarƙashi ba lissafin mako take yi ba; tana tara ragowar kowace shekara, riba ko faɗuwa, kamar rumbun da ake ɗiba daga cikinsa fiye da abin da ake zubawa, wanda bakinsa zai iya zama a cike da sabon hatsi alhali cikinsa yana ƙarewa. Har yau dusa tana zuba a Chacaltaya, wani lokaci ma da yawa, amma da yake a kan busasshen dutse take sauka, kwanaki kaɗan take yi ta tafi. Abin da wurin ya rasa shi ne ikon riƙe abin da ya samu daga wata shekara zuwa wata, kuma wannan irin rashi ba a ganinsa a hasashen yanayi na kowace rana.

Masu binciken sun yi hasashen cewa ƙanƙarar za ta kai wajen 2015. A 2009 Ramírez ya tabbatar da cewa ta ƙare, shekara shida kafin wa'adin, igiyar jan masu wasa kuwa ta riga ta daina aiki tun kafin nan. Yana da kyau a tsaya a kan wannan kuskure na hasashe, domin sau da yawa ana zargin masana yanayi da zuzuta haɗari, alhali a wannan karon abin da ya faru ya riga lissafinsu sauri, kuma mutanen da suka fi kowa sanin wannan ƙanƙara, waɗanda suka yi shekaru suna hawa suna auna ta, su ne suka ba ta kwanakin da ba ta samu ba.

Wuraren zamiya na ƙasashe masu arziki sun fuskanci irin wannan matsi da kuɗi da na'ura. A tsaunukan Alps an dogara da dusar da ake ƙerawa, inda ake fesa ruwa da iska mai ƙarfi cikin daren sanyi su daskare kafin su sauka, har ta kai yawancin gangaren wasa na Italiya da Ostiriya da ita ake rufe su. A wasu wurare, kamar kan ƙanƙarar Presena a Italiya, ana shimfiɗa fararen mayafai da bazara don rage narkewa. A Fabrairun 2020 kuma wani dandali a tsaunukan Pyrenees na Faransa, Luchon-Superbagnères, ya yi jigilar dusa da jirgi mai saukar ungulu, abin da ya jawo suka mai yawa. Ko waɗannan dabaru suna da iyaka, domin ƙera dusa yana buƙatar sanyi da tafkunan ruwa da wutar lantarki, kuma ƙananan wuraren wasa na ƙasa-ƙasa a Faransa sun soma rufewa ana kwance na'urorinsu. Chacaltaya bai taɓa samun irin wannan jari ba, kuma da wuya a ce ya dace a kwashi ruwa zuwa mita 5,300 domin wasa a yankin da unguwanni ke jiran ruwan famfo.

Batun ruwa shi ne ya sa labarin wannan ƙaramin dandali ya wuce shafin wasanni. La Paz da maƙwabcinsa El Alto, birnin da ke kan tudu sama da mita 4,000 wanda ya bunƙasa cikin sauri da ƙaurar mutanen karkara, suna shan ruwa ne daga madatsun da ke gindin waɗannan tsaunuka, irin su Tuni da Milluni da Incachaca da Hampaturi, wani kaso na wutar lantarkinsu kuma yana fitowa daga tashoshin kwarin Zongo. Gaskiya ce cewa ƙanƙarar Chacaltaya ƙarama ce, kuma ruwan da take bayarwa bai taka kara ya karya ba. Muhimmancinta shi ne ta riga sauran nuna inda aka dosa. Wani bincike da Álvaro Soruco da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa narkewar kwantacciyar ƙanƙara tana ba da kimanin kashi 15 cikin 100 na ruwan La Paz a shekara, amma a lokacin rani kason yakan kai kashi 27, wato a daidai watannin da babu wani ruwa mai saukowa daga sama. Wani binciken na 2016, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa faɗin ƙanƙarar tsaunukan Bolibiya ya ragu da kashi 43 cikin 100 tsakanin 1986 da 2014. Akwai kuma wata yaudara a cikin lamarin: yayin da ƙanƙara ke narkewa da sauri, ruwan rafuka yakan ƙaru na ɗan lokaci, jama'a su saba da yalwar, a gina unguwanni a kanta, sai daga baya idan jikin ƙanƙarar ya ƙanƙance ruwan ya soma ja baya ba tare da dawowa ba.

A Nuwamban 2016 La Paz ya ɗanɗana abin da ƙarancin ruwa ke nufi, lokacin da fari mafi muni cikin shekara 25 ya kusan ƙafar da wasu madatsun birnin, aka riƙa raba ruwa da tankoki a unguwanni da dama, shugaba Evo Morales ya ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙasa, ya kuma sauke shugabannin hukumomin ruwa. Ba daidai ba ne a ɗora wannan masifa kacokan a kan narkewar ƙanƙara, domin madatsun da suka fi ƙafewa sun fi dogara da ruwan sama, kuma akwai hannun El Niño na shekarar da ta gabata, da yoyon tsofaffin bututu, da yawaitar jama'a, da sakacin masu kula da ba su yi gargaɗi da wuri ba. Abin da ya bayyana dai shi ne birni ne da ba shi da wani rarar da zai jingina da ita idan damina ɗaya ta gaza, kuma ajiyar da tsaunuka suka daɗe suna yi masa kyauta tana cikin raguwa.

Akwai zafin rashin adalci a cikin wannan tarihi, kuma Bolibiya ta sha faɗinsa a tarukan duniya, har ta kira nata taron kan sauyin yanayi a kusa da Cochabamba a Afrilun 2010: kason da take fitarwa na hayaƙin masana'antu da man fetur ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na manyan ƙasashe, amma tana cikin na farko da suka ga ƙanƙararsu ta tafi. Wannan ƙorafi yana da tushe. Sai dai adalci ya buƙaci a ambaci ɗaya ɓangaren, wato gobarar daji da share gonaki da wuta a gabashin ƙasar, wadda a shekaru irin 2019 da 2024 ta cinye miliyoyin hekta, hayaƙinta kuma yana hawa har kan tsaunuka, inda baƙin toka ke sauka a kan dusa ya rage mata fari ya ƙara mata saurin narkewa.

Ana iya auna wannan hayaƙi a Chacaltaya ɗin kansa, domin ƙasa kaɗan da masaukin akwai tsohuwar cibiyar bincike da ta soma a matsayin tashar duba yanayi a farkon shekarun 1940. A nan ne masanin kimiyya ɗan Brazil, César Lattes, ya ajiye faifan ɗaukar hoto a 1947 ya kama sawun wata ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta, wadda ake kira pion, aikin da ya taimaka wajen ba abokin aikinsa Cecil Powell lambar Nobel a 1950. Tun daga 2011 cibiyar ta shiga jerin tashoshin sa ido kan iskar duniya na Hukumar Yanayi ta Duniya, tana auna iskar da ke ɗumama duniya da ƙura da toka masu tasowa daga El Alto da dazukan gabas. Masaukin ƙungiyar masu hawan duwatsu kuma yana nan, yana karɓar 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa na yini ɗaya su hangi tafkin Titicaca da tsaunin Illimani, da masu shirin hawan Huayna Potosí mai tsayin mita 6,088 da ke zuwa don jikinsu ya saba da ƙarancin iska.

Wani nazari mai faɗi da Antoine Rabatel ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2013, ya raba ƙanƙarar tsaunukan Andes na yankin zafi gida biyu bisa ga tsayinsu, ya kuma gano cewa waɗanda ƙololuwarsu ba ta kai mita 5,400 ba suna asara kusan ninki biyu na waɗanda suka haura haka, domin ba su da wani sashe na sama da ya rage a cikin sanyi mai ciyar da su. Yawancin ƙanƙarar Bolibiya ƙanana ne irin wannan, kuma a cikinsu akwai waɗanda ke zuba a madatsar Tuni, wadda El Alto ke sha daga gare ta. Bayan rikicin 2016 an gina sababbin madatsu a sama da La Paz domin a tare ruwan damina a ajiye shi zuwa rani, aikin da ƙanƙara take yi a dā ba tare da siminti ko bashi ba, kuma masu bincike na jami'ar suna ci gaba da hawa Zongo suna karanta sandunansu, inda jerin ma'aunin da aka soma a 1991 ya zama ɗaya daga cikin mafi tsawo da ake da su a kan kowace kwantacciyar ƙanƙara ta yankin zafi.